Irin Da Ba A Binnewa

Duk wanda ya san Malam Jatau a Rawayya, da binne ya san shi. Binne kuwa, ga wanda bai taɓa riƙe sungumi ba, shi ne shukar da ake yi tun ruwan fari bai sauka ba: a sari busasshiyar ƙasa, a jefa gero, a take da diddige, a koma gida ana jiran ikon Allah. Mutanen can bizne suke cewa, kuma kalmar ɗaya ce da ta kai mamaci makwancinsa. Manoma da yawa tsoron wannan shuka suke yi, domin in yayyafi ya yaudari iri ya tsiro sannan ruwa ya ɗauke, an tashi a tutar babu. Jatau bai san wannan tsoro ba. Zai fito da safe ya shinshina iska, ya dubi gabas, ya ce gobe za a fita. Sau da yawa kuma sai ruwan ya biyo bayansa, har ya fara jin kamar shawara suke yi da hadari.

Abin ya bi jikinsa har ya zama hali. Mutumin nan ko ƙwallon dabino ya tofar, sai ya sa ƙafa ya tura masa ƙasa. Ganin iri a fili yana ta da masa hankali kamar yadda ganin yaro ba riga cikin sanyi yake ta da hankalin uwa. Matarsa Yelwa ta sha yi masa tsiya a kan haka, shi kuwa ya ɗauki tsiyar a matsayin kirari.

Da gonakin bayan gari suka gagari masu su saboda 'yan bindiga, Jatau ya daure shekara guda, ya sake daure wata. A ta uku ya ɗora gado da randa a mota, suka gangaro Gusau, inda 'yarsu Mansura take aure. Ta samo musu ɗaki ɗaya da 'yar rumfa a gidan haya. Mai rumbu uku ya koma ƙwadago a lambun wani a bakin gulbi, yana cire wa alayyafo ciyawa. Bai yi wa kowa kuka ba, amma ya rame, kuma ya rage magana.

Abin da ya rage musu na farin ciki shi ne Haliru, ɗansu na fari, wanda yake aiki a wani lambun furanni a Jos. Yelwa, kamar kowace uwa ta can, ba ta taɓa kama sunan ɗan fari da bakinta ba. Da yana ƙarami “yaron ga” take cewa, da ya tafi kuma ya zama Ɗan Jos. In ya zo ba ta yi masa doguwar gaisuwa, sai dai ka ga tuwon ranar ya fi na kullum mai.

A ƙaramar Sallah ya zo, ana tsakiyar zafi. Bayan an ci an sha, ya zaro wata 'yar takarda a naɗe daga aljihu, ya buɗe ta a hankali yana kare ta da tafin hannu. Jatau ya leƙa, bai ga komai ba sai ɗan garin wani abu ruwan ƙasa, wanda bai kai a shafa wa ido ɗaya kwalli ba.

“An cuce ka,” in ji shi. “Ƙasa anka saida maka.”

Haliru ya yi dariya ya ce iri ne, na wani fure da ake ajiyewa cikin ɗaki. Ya faɗi sunansa, sitireftokafus, Jatau ya gwada sau biyu harshensa ya sarƙe, ya ce a bar shi furen Jos kawai. Haliru ya juya wajen uwarsa ya ce, “Inna, naki ne. In ya yi hure, launinai kamar zanenki na shuni da kika sawa ran Juma'a. A bari sai ruwa ya sauka gari ya yi sanyi. Kuma Baba, don Allah, wanga iri ba a bizne shi. Bisa ƙasa akan barbaɗa shi, a bar shi shina ganin haske. In anka ruhe shi, ya mutu.”

“Kai, yaro! Ni za ka koya ma shuka? Iri tsirara bisa ƙasa, kamar wanda ba shi da dangi?”

Aka yi dariya, Yelwa ta karɓi takardar ta ƙulle a bakin zane.

Kwana kaɗan bayan haka Haliru ya hau mota zai koma. Da rana tsaka aka tare motar gaba da Tsafe, aka kora mutanen ciki daji. Daga baya wasu sun dawo, ƙafafu a kumbure. Jatau ya bi su gida gida, har Tsafe ya je, yana kwatanta musu dogon yaro mai wushirya. Wani ya ce kamar ya gan shi, wani ya ce an raba su tun ranar farko. Wayar da ake jira a kira ba a taɓa kira ba. Jatau ya riƙa sa ta a aljihun gaba, yana taɓa ta ko a cikin sahu.

Da abin ya yi nisa, dattawan masallaci suka ba shi shawara a yi wa yaron addu'a da sadaka irin ta mamaci, zuciya ta huta. Jatau ya ji maganar ta kwanta masa, domin shi mutum ne da ba ya iya zama da abu a buɗe. Ya kawo wa Yelwa ita da lallashi. Sai ta ce, “Malam, ka ga gawa?”

“Ban gani ba.”

“To kai komi sai ka bizne?”

Bai sake ta da zancen ba.

A cikin wannan hali ne ya lura Yelwa ta fara karo da abubuwa. Ta yi tuntuɓe da turmi, ta zuba miya a gefen kwano. Mansura ta kai ta asibiti, likita ya duba ya ce ba yana ba ce da za a kankare, hawan jinin ido ne, kuma ya ci ƙarfin idon tun ba yau ba. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ba da maganin ɗigawa, ya ce zai rage gudun abin, amma su shirya. Da Jatau ya tambaye ta yadda take gani, sai ta dunƙule hannu ta bar 'yar ƙofa, ta kara a ido ta ce, “Kamar hakan ga. Kullum kuma ƙohwar na ƙara tsukewa.”

Ranar da ruwa ya sauka sosai, ta kwance bakin zane ta miƙa masa takardar. “Ka shuka min huren Ɗan Jos. Ina son in gan shi tun ina gani.”

Daga wannan rana Jatau ba shi da wani aiki a duniya sai wannan. Ya samo kasko, ya tankaɗe ƙasa da rariyar tuwo har ta yi laushi, ya haɗa da ruɓaɓɓen ganye, ya jiƙa. Ya tsuguna a rumfa gefen randa, ya riƙe numfashi, ya barbaɗa irin a sama kamar yadda yaron ya ce. Ya kaɗe takardar a nan gindin randa, ya miƙe.

To, a nan fa aka samu matsala. Ya tsaya yana kallon kaskon, hannunsa yana ƙaiƙayi. Ya tafi alwala ya dawo ya sake kallo. Ga iri can kwance a fili, ba mayafi, iska tana wucewa, tururuwa tana yawo a bango. Wannan shi ne abu na ƙarshe da yaron ya bari, shi kuma a ce ya bar shi haka a wulaƙance? Me Haliru ya sani, yaron da shi ya koya masa riƙon fartanya? Ya ce a ransa ba binnewa zai yi ba, ɗan lulluɓi ne kawai. Ya debi ƙasa ya yayyafa, ya ga wani gefen bai samu ba ya ƙara, sannan ya danna da tafin hannu. Sai a lokacin ya ji zuciyarsa ta zauna. Kaico, Jatau, gwanin binne.

Gero kwana kaɗan yake yi ya leƙo. Jatau ya ba wa furen Jos ninkin haka, ya sake ninkawa. Kasko shiru. Kullum da safe Yelwa takan tambaya, “Ya hito?” shi kuma ya ce yana hanya, irin ƙasar sanyi ba ya gaggawa. Ya ƙara ruwa har ƙasar ta fara wari. Ya kai kaskon rana, ya dawo da shi inuwa. Ya sa tsinke ya tona gefe ko zai ga farin saiwa, bai ga komai ba, domin irin da ƙasar ba su da bambanci. Ya zaga wajen masu sayar da furanni a bakin titi yana kwatanta musu, suka nuna masa abin da suke da shi, babu mai kama da shi. Ko da ma akwai, ba na Haliru ba ne.

Wata ranar ta sake tambaya, ya buɗe baki zai yi ƙaryar da ya saba, sai ta riga shi.

“Ka ruhe shi, ko?”

Ya juya yana kallon kaskon.

“Yac ce maka kada ka bizne. Gabana yac ce.”

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta lalubi bango ta shige ɗaki. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Jatau ya zauna a rumfar nan yana jin kamar shi ya kama hannun yaron ya miƙa wa mutanen daji. Baƙin cikin da bai nuna ba ranar da ya bar gonarsa, da wanda ya haɗiye a Tsafe, duk suka taso masa lokaci guda. Dattijo da furfurarsa ya kifa kai a gwiwa yana kuka a gaban kaskon laka.

Ƙishirwa ce ta tashe shi. Ya sunkuya zai ɗauki moɗa, idonsa ya sauka a kan yashin da randar take zaune a kai, wanda kullum yake jiƙe da zufarta. Ya ga wasu 'yan ɗige-ɗige kore, ƙanana ƙwarai, ya ɗauka gansakuka ce har ya ɗaga ƙafa zai murje. Allah ya riƙe ƙafar. Ya durƙusa, ya kai fuska har hancinsa yana taɓa yashi. Kowane ɗigo ganye biyu ne da shi. A daidai wurin da ya kaɗe takarda suke, inda ba wanda ya tuna da su balle ya yi musu gatan lulluɓi.

“Yelwa! Yelwa, taho!”

Ta fito ta durƙusa, ya riƙe kanta yana saita mata 'yar ƙofar idonta. Ta daɗe tana nema. Can ta ce, “Na ga kore.” Su bakwai ne.

Wanda ya ga Jatau a watannin da suka biyo baya zai rantse ya taɓu. Ya hana kowa ɗibar ruwa a randar sai shi. Da 'yan tsiron suka ɗan tasa, ganye ɗaya ya fara tsere wa ɗan'uwansa, sai ya sa tsinken tsintsiya ya ɗaga su ɗaya ɗaya ya mayar cikin gwangwanayen madara da ya huda wa gindi, gumi yana ɗiga masa a gemu. Biyu suka mutu a wannan ƙaura. Kazar maƙwabta ta tsattsage ɗaya, aka yi rigimar da sai da mai gidan haya ya shiga tsakani, mutane suna mamakin tsohon da yake neman dambe a kan ciyawa.

Sauran kuma shi da kansa ya riƙa kashe su da ƙauna. Ya ga suna nawa, ya tuna yadda masara take zabura in ta ji takin zamani, ya sa wa ɗaya ƙwaya uku, washegari ya tarar ya ƙone. Ya ce to rana suke so, wace shuka ce ba ta son rana, ya fitar da ɗaya tsakar gida da hantsi, kafin azahar ganyen ya dahu. Ɗaya kuma ruwa ya dinga ɗura masa safe da yamma har gindin ya ruɓe. Duk abin da hannunsa ya sani na shekara hamsin, furen nan ba ya so. Da ya rage saura ɗaya tak, Jatau ya ji tsoron kansa. Ya sa shi a ƙaramar tukunya, ya zaunar da ita cikin kasko mai jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, inda akwai haske amma rana ba ta kaiwa. Ba ya ba shi ruwa sai ya ga ganyen ya ɗan saki, shi ma a ƙasan tukunyar yake zubawa. In hannunsa ya fara ƙaiƙayi, sai ya zauna a kansa.

Tsiron ya yi ganye dogo, mai tamoji da gashi-gashi, kamar harshen saniya. Ya ƙara na biyu, ya ƙara na uku. Fure dai babu labari. Damina ta ja jiki, aka fara yankan gero a gonakin da suka rage, ƙofar idon Yelwa kuma tana ta tsukewa. Ta daina zuwa gidan Mansura ita kaɗai. Ta daina tsintar shinkafa. Jatau ya shiga yi mata jarrabawa a fakaice: ya ɗaga bokiti ya ce wane launi ne, ta ce ja, ya ji sanyi. Bai kawo a ransa ba cewa bokitin nan ita ta saye shi.

Ya daina zuwa lambu sai jefi-jefi, har mai lambun ya sa wani a gurbinsa. Mansura ta zo ta yi faɗa, ta ce Baba, ganye za ku ci? Ya ce ta bar shi. Yakan tsuguna gaban tukunyar yana magana ƙasa-ƙasa, ba ya ko jin kunyar matan gidan. “Don Allah ka yi sauri. Mi kaka jira? Dut abin da kaka so na yi maka. Ba don ni ba, ni na san laihina.” A sujada ma abin da yake roƙo ke nan. Ya daina cewa Allah ya dawo da ganin Yelwa, ya koma cewa Allah ya tsayar da abin da ya rage, ko na mako guda ne.

Da sanyi ya fara shigowa, wani siririn kara ya taso daga gindin babban ganyen, kansa a sunkuye, da 'yan ƙulli biyu. Jatau ya kama yatsan Yelwa ya ɗora a kai. Ta ce ta gani. Kullum ta ce ta gani. Ƙullin ya yi tsawo, ya kumbura, ya tsaya nan kamar da gangan, Jatau yana ji kamar ya sa farce ya ɓare shi. Ya zauna a kan hannunsa.

Ran wata Juma'a da hantsi ya buɗe. Ɗan fure ne mai dogon wuya kamar bakin algaita, leɓɓansa biyar, mai kyau har mutum ya ji tausayinsa. Fari ne fat, da 'yan zane-zane ja a maƙogwaro. Ko ɗigon shuni babu a jikinsa. Irin gauraye ne, kowane da launin da zai fito, wataƙila masu shunin suna cikin kaskon can da ya danne da tafin hannu. Jatau bai tsaya wannan tunani ba. Ya ɗauki tukunyar da hannu biyu, ya kai bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, ya kira ta.

“Yelwa, ya buɗe. Taho ki gani.”

Ta fito tana bin bango, ta zauna a dokin ƙofa. Ya ɗaga tukunyar daidai fuskarta, ya matsar dama, ya matsar hagu, yana neman mata 'yar ƙofar nan. Ta buɗe ido sosai. Ta kai hannu, yatsunta suka sami ganye, suka hau kara, suka tsaya a kan furen. Fuskarta ta washe irin yadda bai gani ba tun ƙaramar Sallah.

“Na gan shi, Malam. Shuni sak, kamar yadda yac ce. Kamar zanena.”

Jatau ya dubi farin furen, ya dubi idanun matarsa, waɗanda suke kallon ɗan gefen kafaɗarsa. Ya gane bokitin, ya gane duk “na gani” ɗin da ta yi ta ba shi. Tun yaushe ƙofar ta rufe, bai sani ba, kuma ya san ba za ta faɗa masa ba. Ya ajiye tukunyar a cinyarta.

“Ko ba shuni ba ne?” in ji ta.

“Awo,” ya ce. “Shuni ne.”

Ta gyaɗa kai, tana shafa leɓɓan furen ɗaya bayan ɗaya da bakin yatsa. Can a titi masu zuwa masallaci sun fara wucewa. Ta ce yaron ya gaya mata in furen ya bushe yakan bar wani ɗan kwanso a murɗe kamar igiya, a ciki irin yake.

“In ya yi, ka tara min cikin takarda,” ta ce. “Ka aje ma Haliru.”

Tun da ta haife shi, Jatau bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai yau. Ya tsura mata ido. Ita kuwa ta ɗauka bai ji ba ne, ta lalubo hannunsa ta riƙe gam.

“Ka ji ko, Malam? Ka aje. Kada ka bizne.”